Tallafin Intanet ga Makarantun Amurka: Laifin Ɓarawo Bai Hau Kan Ɗalibi Ba

A shekarar 1996, sa'ad da intanet take baƙuwa, ba kowa ke jin daɗinta ba, majalisar dokokin Amurka ta sake dokar sadarwa ta ƙasar, kuma a cikin wannan doka, wadda shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Fabrairu, aka shigar da wani sashe bisa nacin wasu sanatoci, cikinsu har da Olympia Snowe ta jihar Maine da Jay Rockefeller na West Virginia, wanda ya wajabta a rangwanta wa makarantu da ɗakunan karatu na jama'a kuɗin sadarwa. Shi ne shirin da aka sani da sunan E-Rate.

Kuɗin ba daga baitulmali yake fitowa kai tsaye ba. Kamfanonin waya ne ke zuba wani kaso na cinikinsu a wani asusu, su kuma su ɗora wa masu waya a takardar biya ta wata. Hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, ta ƙayyade a 1997 cewa kada abin da za a kashe ya wuce dala biliyan 2.25 a shekara, aka fara rabo a 1998. Hikimar tsarin tana cikin ma'auninsa: ana duban yawan yaran makaranta da talaucin iyayensu ya sa suka cancanci abincin rana kyauta ko da rahusa, sa'an nan a duba ko makarantar ta birni ce ko ta ƙauye, sai a yafe mata daga kashi 20 zuwa kashi 90 cikin 100 na kuɗin, ta yadda wadda ta fi kowa talauci ita ce ta fi kowa samun rangwame.

Amfanin da aka samu ba ya ɓoyuwa. Ƙididdigar ma'aikatar ilimi ta Amurka ta nuna cewa a 1994 kashi 3 cikin 100 kaɗai na azuzuwan makarantun gwamnati ke da intanet, amma zuwa 2003 sun kai kashi 93. Ba zan ce shirin kaɗai ya yi wannan aiki ba, domin jihohi da iyaye da kamfanoni duk sun sa hannu. Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne, makarantar ƙauye mai nisa da ta unguwar matalauta, waɗanda ɗan kasuwa ba ya ganin riba wajen ja musu waya, da ba su shiga wannan lissafi da wuri haka ba in ba domin tallafin ba. Haka kuma ɗakin karatu na gari, inda wanda ba shi da kwamfuta a gida yake zuwa neman aiki ko cike takardar hukuma.

To, sai ɓarna ta bayyana, kuma ba ƙarama ba. A tsibirin Puerto Rico an ba ma'aikatar ilimi fiye da dala miliyan 100 tsakanin 1998 da 2000, amma da masu bincike suka je, sai suka tarar makarantun da intanet ta isa ba su taka kara sun karya ba, ga kuma na'urori fiye da 70,000 jibge a ma'ajiya, ko buɗe kwalayensu ba a yi ba. A San Francisco an gano 'yan kwangila sun haɗa baki sun raba aiki a tsakaninsu, suna nuna kamar gasa suke yi, har wani reshe na kamfanin NEC ya amsa laifinsa a 2004, ya biya dala miliyan 20.6 na tara da diyya. A Dallas kuwa, jami'in da ke kula da sashen na'urori na makarantun birnin ya karɓi rashawa daga ɗan kwangila, aka yanke masa ɗaurin shekara 11 a 2008. Majalisar wakilai ta zauna ta saurari shaidu a 2004, kuma tun daga lokacin masu adawa da shirin, waɗanda da ma suke kiransa harajin Gore saboda mataimakin shugaban ƙasa Al Gore da ya tsaya masa, suka sami hujjar da suke nema ta cewa a rushe shi.

Wanda zai kare shirin bai kamata ya raina waɗannan laifuffuka ba, kuma ya wajaba ya fahimci ta inda ɓarakar ta shigo. Idan makaranta kashi 10 kaɗai za ta biya, ba ta da wani dalili mai ƙarfi na tayawa da ragi. Idan kuma ɗan kwangila ya raɗa mata cewa ya yafe mata ko wannan kashi 10 ɗin, alhali ya riga ya ninka farashin a kan asusu, to babu sauran wanda zai tsaya ya ce kayan sun yi tsada. Ƙari a kan haka, makarantun da suka fi talauci su ne ba su da ƙwararrun da za su iya da takardun neman tallafi, sai su miƙa wuya ga dillalai masu kiran kansu mashawarta, wasunsu kuwa da 'yan kwangilar suke ci. Ke nan yaran da aka kafa shirin dominsu su ne aka fi zalunta, kuma abin da mai neman a rushe shi yake nema, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne a zalunce su karo na biyu.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala a babin wakafi: idan aka kama mai kula da dukiyar wakafi da ha'inci, alƙali yakan tuɓe shi, ya bi shi bashin abin da ya ci, ya naɗa amintacce a madadinsa, amma ba ya soke wakafin, domin haƙƙin da ke cikinsa na mabuƙata ne, ba na mai kula ba. Kusan hanyar da Amurka ta bi ke nan. An kafa ƙa'idar hana wanda aka samu da laifi sake shiga shirin, aka tsananta ajiye takardu da bin sawun kuɗi, aka ɗaure wasu, aka ƙwato kuɗi daga wasu. Kamfanin Hewlett-Packard ma ya biya dala miliyan 16.25 a 2010 don sasanta zargin da ya shafi Dallas da Houston. Ya kyautu kuma a tuna cewa asirin San Francisco daga cikin gida aka tona shi, domin shugabar makarantun birnin, Arlene Ackerman, ita ce ta ƙi amincewa da tallafin kusan dala miliyan 50 da ta ga akwai lauje cikin naɗi.

Shirin ya rayu. A 2014 aka ɗaga iyakarsa zuwa dala biliyan 3.9 a shekara, aka mai da hankali ga intanet mara waya a cikin azuzuwa, kuma a watan Yunin 2025 kotun ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yi watsi da hujjar masu cewa yadda ake tara kuɗin asusun ya saɓa wa tsarin mulki.

Nijeriya ma tana da asusu mai kama da wannan, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada, ana kiransa USPF, kuma daga cikin ayyukansa akwai kai kwamfuta da intanet makarantu. Duk ranar da aka ji ƙishin-ƙishin an ci kuɗinsa, za a sami masu cewa a rufe shi kowa ya huta. Abin da ya dace iyaye da malamai su nema shi ne a buga sunan kowace makaranta da aka ce an kai wa kaya, da sunan ɗan kwangilar, da adadin da aka biya shi, sa'an nan a aika mai duba ya shiga ajin da ƙafarsa, ya kunna kwamfutar a gaban ɗalibai, kafin a saki ragowar kuɗin.