Lafiyar Dattijo Tun Daga Mahaifa Take Farawa

Daga hunturun 1944 zuwa watan Mayun 1945, yunwa ta abka wa yammacin ƙasar Holan, bayan sojojin Jamus sun tare hanyoyin shigar da abinci. Cikin waɗanda ta shafa har da dubban mata masu juna biyu. Da 'ya'yan da suka haifa suka kai kimanin shekara 50, sai likitoci suka bi sawunsu. Aka tarar jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na tsararrakinsu, kuma waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki sun fi fama da ciwon zuciya.

A Ingila ma, Farfesa David Barker na Jami'ar Southampton ya binciki tsofaffin littattafan da aka fara rubuta nauyin jarirai a ciki tun 1911 a gundumar Hertfordshire. A 1989 ya bayyana cewa mazan da suka fi ƙarancin nauyi a jarirantaka su suka fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta.

Me ya kawo haka? Idan abinci ya gaza, ɗan tayi kan karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa, sai ƙoda da hanta su samu ragowa. Su kuwa 'yan matatun da ke cikin ƙoda, a wajen mako na 36 suke gama samuwa, ba a ƙara ko ɗaya bayan nan. Wanda aka haifa da kaɗan ya fi kusa da hawan jini, ko da yake irin cimarsa da motsa jikinsa na iya rage haɗarin.

Saboda haka masana suka ce bai kamata shirin kula da mata da yara ya fara daga ɗakin haihuwa ba. Yarinyar da ta tashi a tsumbure, ga ƙarancin jini, ta kuma ɗauki ciki kafin ta gama girma, ta fi yiwuwar haifar jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. In mace ce, sai abin ya sake zagayowa.

Ana iya tsinke wannan sarƙa a wurare da dama. Budurwa na bukatar abinci mai sinadarin ƙarfe, irin su hanta da wake da zogale. Ƙwayar folik asid kuwa tun kafin ciki ake shan ta, domin bututun lakar ɗan tayi yakan rufe cikin kwana 28 na farko, lokacin da uwa ba ta ma tabbatar da cikin ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8. Bayan haihuwa, dakashin da ake zubarwa a wasu gidajen ƙasar Hausa shi ne rigakafin jariri na farko. Sai nonon uwa zalla har wata 6, ba ko ruwa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibar da ke zaune a aji yau, abincinta da iliminta suna cikin abubuwan da za su tsara lafiyar dattijon da ba a haifa ba tukuna.