Haƙƙin Keke a Kan Mahayinsa

Baƙin keken ƙarfen nan mai birkin sanda da kariya a baya, wanda ya daɗe yana kai malami makaranta, yana kai manomi gona, yana kai ɗan koli kasuwar ƙauye, asalin siffarsa daga Ingila take, inda John Kemp Starley ya fito da ita a birnin Coventry a shekarar 1885, sa'an nan a 1888 Dunlop ya zo da tayar da ake hura wa iska. Iyayenmu sun san Rali na Nottingham, mu kuma muka tashi da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, har babur ya zo ya ture su gefe. To, tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, mutane da yawa suka koma ɗakin ajiya suka kakkaɓe wa keke ƙura, alhali ilmin hawansa da kula da shi ya yi ƙaranci a hannunsu. Abin da shekarun hawa suka tabbatar mini shi ne, galibin wahalar da ake ɗora wa nisan hanya, a haƙiƙa daga rashin daidaita keken take fitowa.

Mas'ala ta farko ita ce sirdi, domin a nan ne mafi yawan mahaya suke zaluntar gwiwoyinsu ba da saninsu ba. Mutum yakan sauke sirdi ƙasa don ya riƙa dafa ƙasa da tafin ƙafa yana zaune, yana ganin hakan ya fi aminci, amma duk lokacin da ya taka feda gwiwarsa a lanƙwashe take ɗaukar nauyin, kafin ya yi tafiyar rabin sa'a cinyoyinsa sun ɗau zafi, ya sauka yana cewa tsufa ne ya kama shi. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda sa'ad da take can ƙasa, in ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da kwankwasonka ya karkata ba, sirdi ya zauna inda ya dace. Wajen tuƙi kuma da gaban tafin ƙafa ake takawa, sai ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, wanda shi ne abin nema. Sai dai a kula kada a zaro sandar sirdin fiye da kima, domin in abin da ya rage a ciki ya yi kaɗan, tana iya tsaga ƙarfen keken.

Bayan sirdi sai taya, kuma a kanta zan daɗe, saboda ita ce take haɗa mahayi da mai faci kullum. Tayar da ba ta sha iska ba tana cin ƙarfin mutum a ɓoye, kuma idan ta daki bakin rami ko dutse, ƙarfen wili yakan matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. Duk wanda ya ga irin wannan huji ya san laifin na ƙarancin iska ne, babu ruwan ƙaya. Saboda haka ya kamata a latsa taya da babban yatsa kowace safiya kafin a fita. Ƙaya kuma tana da nata lokacin, musamman da kaka, sa'ad da tsidau ya bushe ya warwatsu a hanyoyin gona da gefen burtali, don haka wanda ya bi sawun da aka riga aka taka ya fi wanda ya ratse cikin ciyawa tsira. In an yi faci, akwai sharuɗɗan da in aka bar ɗaya aikin ya ɓaci: a nemo hujin ta hanyar tsoma tiyub a ruwa, a goge wurin ya bushe ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri, a yi haƙuri ya sha iska har ya daina danshi kafin a manna faci. Gaggawa a wannan gaɓa ita ce take sa faci ya ɗago tun ba a kai gida ba. Kafin a mayar da tiyub kuma wajibi ne a zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, gama sau da yawa ƙayar tana nan maƙale tana jiran sabon tiyub, kuma na sha ganin mutum ya biya kuɗin faci sau biyu a kan ƙaya ɗaya.

Kaca kuwa, al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a kwarara mata baƙin man da aka juye daga inji, da zaton yawan mai shi ne gata. A ƙasa irin tamu mai ƙura, balle da hunturu, man da ya yi yawa yakan kama yashi, su haɗu su zama abin da yake cinye kacar da haƙoran da take hawa a kai. Abin da ya fi shi ne a wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga man keken ɗinki ko wani mai mara kauri a kowace gaɓa, sa'an nan a share na waje da tsumma, domin aikin mai a cikin gaɓoɓin yake. Wanda zai kwance feda kuma ya tuna cewa ta hagu a juye take ɗauruwa.

Game da birki ina da ra'ayin da na san wasu dattawa ba za su so shi ba. An saba tsoratar da yara cewa birkin gaba yana kifar da mutum, har wasu suna kwance shi gaba ɗaya, alhali kuwa idan keke zai tsaya nauyi gaba yake komawa, don haka birkin gaba ne yake da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, na baya kuwa da an matse shi sosai sai taya ta ja ƙasa. Daidai shi ne a kama su biyun tare, a hankali, mutum yana tura jikinsa baya. A cikin yashi ko tsakuwa ne kaɗai ake sassauta na gaba. Da damina kuma a sani cewa robar birki ba ta kama jiƙaƙƙen ƙarfe da wuri, sai a fara ja tun da sauran nisa.

Amma duk waɗannan kiyaye dukiya ne, kiyaye rai kuwa malamai sun sanya shi a gabanta cikin manufofin shari'a, kuma a kan kwalta ake jarraba shi. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma mai keke shi ma hukuncin ya hau kansa, saboda haka bin hannun da motoci suke fuskantowa, da hujjar wai mutum ya riƙa ganin abin da yake zuwa, kuskure ne mai halakarwa, domin direban da zai fito daga lungu ba ya duban wannan ɓangaren, kuma karon gaba da gaba ya fi muni. Babu abin da nake tsoro kamar in ga yaro ya kutsa tsakanin tirela da bakin hanya a kusa da kwana, gama direban ba ya ganinsa daga inda yake zaune, kuma tayoyin baya suna yanke kwanar fiye da na gaba. A tsaya a bayanta har ta wuce, ko da za a makara. Haka nan a bar tazara daga motar da take tsaye don gudun buɗe ƙofa, a yi zaton babur mai ƙafa uku na haya, wato A Daidaita Sahu, zai tsaya duk inda aka ɗaga masa hannu, a miƙa hannu kafin a karya kwana. Bayan magariba, ko cikin hazon hunturu, keken da ba shi da fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya bai halatta ya hau titi ba a ganina. Mai babbar riga kuma ya tattare ta sosai, kada gefenta ya shiga wili.

Tafiya mai nisa da bazara a fara ta bayan sallar asuba, a huta sa'ad da rana ta take, a riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai tsananta ba; mai azumi kuwa ya rage gudu, ya zaɓi safiya ko bayan la'asar. Kaya a ɗaure su da robar tsohon tiyub, nauyin ya rabu daidai hagu da dama, mai nauyi a ƙasa. Idan an goya yaro a kariya, a tabbata ƙafafunsa suna da wurin takawa nesa da wayoyin wili, kuma a sanya masa takalmi mai rufe dunduniya.