KOYAR DA AJIYAR ABINCI A MAKARANTUN FIRAMARE

A wata makaranta da na je dubawa bayan kaka, na tarar da malami yana koya wa 'yan aji biyar hanyoyin adana abinci. Ya jera su a allo: shanyawa, sa gishiri, ƙyafewa. Yara suka haddace sarai. Amma da na tambaye su abin da ya sa busasshiyar kuɓewa ta kan shekara, ɗanya kuwa ba ta yin mako, sai aji ya yi tsit, har da malamin. Ban ga laifinsa ba, gama mu muka horar da shi, da alli kaɗai kuwa muka horar da shi.

Kada a ɗauki wannan darasi ƙaramin abu. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Da masana suka bincika, sai suka iske wani dafi ne da fumfuna ke haifarwa, wanda aka sa wa suna afalatoksin. Yana samuwa a gyaɗa da masara in an ajiye su da sauran danshi, yana lalata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi. Yaron da ke taya uwarsa ɓarar gyaɗar ƙuli-ƙuli ya kamata ya san dalilin tsince mai ruɓa a zubar.

Ba sai da kayan Turai za a nuna wannan ba. A sami kwalba busasshiya, a zuba masara da busasshen gishiri kaɗan, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, masara ba ta bushe ba, sai a mai da ita rana. Haka kuma a zuba wake mai ƙwari a kwalabe biyu, a cika ɗaya fal a toshe ta gam, ɗaya a ɗaure bakinta da ƙyalle. Bayan wata biyu yara da idonsu za su ga wake ɗaya ya zama gari, ɗayan kuwa ƙwarin sun mutu don rashin iska. Wannan ita ce hikimar buhunan PICS masu leda biyu a ciki, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago.

To, malamin da bai taɓa yin gwajin da hannunsa ba, yaya zai yi shi a gaban yara sittin? Ra'ayina shi ne kada kwalejin horon malamai ta sallami ɗalibi, namiji ko mace, sai ya yi waɗannan gwaje-gwaje biyu, ya kuma maimaita su a lokacin koyon koyarwa. Na ce har da maza, domin an daɗe ana tura darasin ga malama, alhali kuwa maigida ne ke riƙe da rumbu. Malaman da suka riga suka kama aiki kuma, a tara su kwana biyu cikin hutu, kowa ya zo da kwalabensa uku da mudun wake.