Libarbar gado: a karanta jikinta kafin a tambayi kuɗinta

Sau da yawa idan mai gida ya rasu aka buɗe adaka don rabon gado, a ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardun gona akan ci karo da wata ƙaramar bindiga naɗe cikin tsumma, irin wadda manya ke kira libarba, mai ganga da ke juyawa da ramukan harsashi 6. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, har ƙetaren iyaka wajen Katsina da Daura, akwai gidajen tsofaffin sojoji da na masu sarauta da ake samun irinta. Masu saurare da ke tuntuɓarmu a gidan rediyo kan wannan batu, abin da suke fara tambaya shi ne nawa za ta yi a kasuwa. Mu kuwa a ganinmu kamata ya yi a fara sanin ko wace iri ce.

Labarinta yana rubuce a jikinta. Wadda hafsoshin Faransa suka fi ratayawa a zamanin mulkin mallaka ita ce samfurin 1892, wadda masana'antar makamai ta gwamnati da ke garin Saint-Étienne ta ƙera kimanin guda 350,000 daga 1892 zuwa 1924. Harsashinta mai milimita 8 ne, kuma gangarta ta hannun dama take buɗewa, saɓanin yawancin ƴan uwanta da ke buɗewa ta hagu. A nan ne magada da dama ke ruɗewa. Da sun ga an rubuta "Mle 1892" a saman bututun, sai su ce ai kakanmu ya mallake ta tun kafin Faransawa su shiga Damagaram a 1899. To, 1892 shekarar da aka fito da samfurin ce kawai. Shekarar ƙira tana gefen dama na bututun, bayan harafin S, wato wanda ya ga S 1915 ya san ta lokacin yaƙin duniya na farko ce. A wancan yaƙi ma Faransa ta ƙaro wasu daga maƙeran Eibar na ƙasar Sifen masu cin harsashi iri ɗaya, sai dai ba duka ne ƙarfensu ya kai na Saint-Étienne kyau ba.

Ta ɓangaren Ingilishi kuwa, akwai Webley ta Birmingham, musamman samfurin Mark VI na 1915, da Enfield da ta biyo baya a 1932. Su waɗannan karyewa suke yi a tsakiya idan za a zuba harsashi. A nemi wata ƴar alama mai kama da sawun kaza: tambarin gwamnatin Ingila ne, ma'ana kayan soja ce.

Sai kuma labarin da ake bayarwa a gida, wanda shi ma yana son tantancewa. Ƙaramin soja, ko na Faransa ne ko cikin waɗanda Ingila ta kai Bama tsakanin 1943 da 1945, doguwar bindiga yake riƙewa. Libarba galibi ta hafsoshi ce da wasu masu igiya. Saboda haka ko dai tsohon ya samu girma a soja, ko kyauta aka yi masa, ko saye ya yi. Littafinsa na soja, da lambobin yabo, da katin fansho su ne za su raba gardama, kuma Faransa na ajiye fayilolin tsofaffin sojojinta na Afirka a garin Pau. Idan akwai wata tsohuwa a gidan da ta san mai shi, a ɗauki maganarta a waya tun tana da rai.

Game da kulawa, ɓarnar da masu son gyara ke yi ta fi ta tsatsa. Kada a goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, domin lambobin da muka ambata su ne ke fara ɓacewa. A fitar da ita daga kuben fata, don fata na riƙe laima da damina. Ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa, man gyaɗa kuwa daskarewa yake yi ya kama ƙura. A ɗauka akwai harsashi a ciki har sai wanda ya san aikin ya duba, kada a taɓa kunama, kada kuma a ce bari a gwada a bayan gari. Ƙarfen da ya haura shekara 100 da tsohon albarushi na iya fashewa a hannun mutum. A kulle ta inda yara ba za su kai ba.

Inda ƴan kasuwa ya kamata su buɗe kunne shi ne wajen doka. Ana gadon bindiga, amma ba a gadon izininta, don da sunan mutum ɗaya ake bayar da shi. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncin riƙe ta babu izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. A Nijar ma sai da takardar ma'aikatar cikin gida, kuma tun 1994 akwai hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI. Wanda ya cusa ta cikin buhun wake don ya kai wa dillali a Jibiya ko Illela, idan jami'an duwan ko jandarmomi suka zazzage kayan, ba za su tsaya sauraron tarihin kaka ba, balle a wannan lokaci da ƴan bindiga suka addabi iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara. Shi dillalin ma ba wanda ya san hannun da zai miƙa wa.

Abin da muke ba magada shawara shi ne su ɗauki hotonta ta kowane gefe, su rubuta lambobinta, sannan babban gida ya je wajen jandarmomi ko ƴan sanda da hoton da takardun mamacin, a bar bindigar a kulle har sai hukuma ta faɗi yadda za a kawo ta. Iyalin da ke son sunan tsohonsu ya tsaya tare da ita na iya tuntuɓar gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.