Ko Kun Sani? Ciwon Ƙugu Kan Ɓuya a Matsematsi

Ko kun san cewa idan gaɓar da ta haɗa ƙashin cinya da ƙugu ta samu matsala, galibi a matsematsi ake jin zafin? Wani lokaci har gwiwa yake sauka, musamman ga yara, sai a yi ta shafa wa gwiwa magani alhali lafiyarta ƙalau.

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, kuma 'yan siraran jijiyoyi ne ke kai masa jini. Idan suka toshe, ƙashin yakan mutu a hankali har ya lotsa. Masu sikila na cikin waɗanda wannan ya fi addaba, domin ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe su cushe hanya. Daɗewa ana shan dexamethasone ko prednisolone, waɗanda wasu ke sha don neman ƙiba, shi ma yana jawo shi, haka yawan shan giya. Abin takaici, da yawa sai sun fara ɗingishi suke zuwa asibiti.

Ƙaba, kaluluwa, gurɗewar tsoka wajen ƙwallo da zaizayewar guringuntsi saboda tsufa su ma duk suna kawo ciwo a matsematsi.

Hoton MRI yana gano mutuwar ƙashi tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna ta. In an gano da wuri, sandar dogarawa, gashin ƙashi da ƙaramar tiyata kan taimaka. In ƙashin ya lotsa, sau da yawa sai an sauya gaɓar. Yaron da ke ɗingishi da zazzaɓi kuwa, a kai shi asibiti a ranar.