Shin Sinadaran Jikin Mace Ne Ke Zaɓa Mata Fuskar Namijin Da Take So?



Akwai wata magana da ake ta turawa a waya, wai idan mace ta shiga kwanakin da za ta iya ɗaukar ciki, idonta yakan koma kan namiji mai faffaɗan muƙamuƙi da kaurin gira da cikar gemu, in kwanakin suka wuce sai ta dawo wa mai sanyin fuska. Wasu na dariya, amma akwai gidan da irin wannan zance zai shuka zargi, shi ya sa yau muka tsaya a kansa.

Idan yaro ya balaga, sinadarin testostaron ne ke faɗaɗa masa muƙamuƙi, ya fito da ƙashin gira da zakaran wuya, ya tsirar da gemu, murya ta buɗe. Ita kuma mace tana da istrojin da furojestaron, masu hawa da sauka cikin wata. Ga wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, istrojin yakan hau sosai gab da fitar ƙwai, wajen kwana na 14, bayan nan furojestaron ya karɓa. Wannan duk tabbas ne, ikon Allah ne.

To ina batun fuskar ya samo asali? A 1999 wasu masana na Jami'ar St Andrews a Sikotland, cikinsu har da Ian Penton-Voak da David Perrett, suka buga bincike a mujallar Nature. Sun gyara hotunan maza da kwamfuta, wasu aka ƙara musu kamannin mazantaka, wasu aka sassauta, aka nuna wa mata a Japan da Birtaniya. Suka ce a kwanakin fitar ƙwai matan sun fi karkata ga masu taurin fuska. Jaridu suka ɗauka, magana ta zaga duniya. Sai dai matan 'yan gommai ne kawai, kuma lissafin kwanaki aka yi, ba a auna sinadarin jikinsu ba. Duk macen da ke lissafin al'adarta ta san wata yakan saɓa.

A 2018 Benedict Jones da abokan aikinsa a Jami'ar Glasgow suka sake gwajin da mata 584. Wannan karon miyau aka riƙa karɓa ana auna sinadaran, mace ɗaya ta zo sau da yawa a makonni daban-daban. Sakamako: ba su ga wata gamsasshiyar hujja cewa zaɓin fuska yana bin hawa da saukar sinadari ba. Haka ƙwayar tazarar haihuwa, da aka daɗe ana cewa tana rage wa mace son fuskar mazantaka, ita ma ba su ga hakan ba. A ra'ayinmu wannan bincike ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba, don ya fi yawan mutane, kuma ya auna abin da wancan ya ƙiyasta.

Abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne ƙarfin sha'awar kanta: mata da yawa takan ƙaru musu kusa da fitar ƙwai, ta ragu kafin zuwan jini, lokacin da wasu ke fama da ciwon mara, kumburin nono da saurin fushi. Maigida, idan ka ga uwargida ta ɗan ja baya a waɗannan kwanaki, jikinta ne, ba wani ta hango ba. Lallashi ake yi, ba tuhuma ba.

Ba muna cewa kama ba ta da muhimmanci ba ne. Shari'a ta halatta masu niyyar aure su ga juna, kuma malamai sun ce mace ma tana da wannan haƙƙi. Matar Sabit bin Ƙais ta zo wa Manzon Allah (SAW) neman rabuwa, alhali ba ta kushe addininsa ko halinsa ba, zuciyarta ce ba ta kwanta da shi ba. Ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su. Don haka Baba, kafin ka karɓi sadaki, a bar yarinya ta gan shi, a kuma tambaye ta.

Sai ku 'yan uwa maza masu zuwa kemis neman allurar testostaron don a ƙara gemu ko kwarjini. Bayan balaga ƙashin fuska ya riga ya zauna, allura ba za ta sauya shi ba. Abin da za ta yi, idan jiki ya ga sinadarin ya shigo daga waje sai ƙwaƙwalwa ta daina umartar maraina su yi nasu, ƙwayoyin maniyyi su ragu ƙwarai, wani ma su ɗauke na watanni. Tana kuma kaurara jini. Mutum yana neman haihuwa, yana toshe ta da kuɗinsa. Wanda yake jin kasala da raunin sha'awa ya je asibiti a auna masa jini da safe, lokacin da sinadarin ya fi yawa, a duba suga da hawan jini tare.