Kimiyyar Kwamfuta da Injiniyanci: Sharuɗɗan Shiga Jami'o'in Najeriya

Kimiyyar kwamfuta da injiniyancin kwamfuta fannoni ne biyu da sunansu ya yi kama, har ɗalibai da iyaye da yawa kan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko ya fi karkata ga lissafi da rubuta manhaja da sarrafa bayanai. Na biyu kuwa reshe ne na injiniyanci, mai kula da ƙirar na'urar kanta da kayan lantarkin da ke cikinta. Wannan bambanci yana fitowa fili tun daga sharuɗɗan shiga.

Matakin farko shi ne sakamakon sakandare na WAEC ko NECO ko NABTEB. Kowane fanni yana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Injiniyanci ba ya sassauci: dole a samu kiredit a Fiziks da Kemistiri, sannan a cike na biyar da wani darasin kimiyya. Kimiyyar kwamfuta ma tana neman Fiziks, amma wasu jami'o'i kan sassauta game da Kemistiri, wasu kuma su wajabta shi.

Mataki na biyu jarrabawar hukumar JAMB ce, wadda aka kafa a 1978. Ana rubuta darussa huɗu a kan kwamfuta, jimillar maki 400, kuma Turanci wajibi ne ga kowa. Mai neman injiniyanci ba shi da zaɓi: Lissafi da Fiziks da Kemistiri zai haɗa da Turanci. Mai neman kimiyyar kwamfuta zai ɗauki Lissafi da Fiziks, sannan ya zaɓi ɗaya daga Kemistiri ko Bayoloji ko Noma ko Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa, gwargwadon abin da jami'ar ta yarda da shi. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Ɗalibin da ya cike Bayoloji a gurbin Kemistiri ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci a wannan shekara, ko da makinsa ya kai ko'ina. Wanda ya riƙe Kemistiri kuwa ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mataki na uku tantancewar jami'a ce, wadda aka fara a 2005. Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa kowace shekara ba ya ba kowa gurbi. Kowace jami'a tana yanka nata, kowane sashe ma da nasa, kuma waɗannan fannoni biyu suna cikin masu cunkoso. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Shi ya sa ɗalibai biyu masu maki ɗaya kan ga sakamako daban.

Akwai kuma hanyar shiga kai tsaye, ga masu difloma ko NCE ko shaidar IJMB, jarrabawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita. Irin waɗannan sukan fara daga aji biyu, muddin abin da suka karanta ya dace da fannin da suke nema.

Tsawon karatu ma ya bambanta. Digirin kimiyyar kwamfuta shekara huɗu ne a yawancin jami'o'i, na injiniyanci shekara biyar. A jami'o'in fasaha, kamar ta Minna, kimiyyar kwamfutar ma takan ɗauki shekara biyar. Wani abin lura shi ne injiniyancin manhaja: duk da sunansa, a Jami'ar Bayero ta Kano yana ƙarƙashin tsangayar kwamfuta ne, ba ta injiniyanci ba. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa a sabon tsarin karatun da ta fitar a 2022.

Abu na ƙarshe da ake dubawa shi ne amincewar hukumomi. Kowane kwas yana buƙatar amincewar NUC. Na injiniyanci yana buƙatar ƙarin amincewar majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, domin ita ce ke yi wa injiniyoyi rajista. Kwas da ya rasa wannan yana iya barin ɗalibi da takarda a hannu ba tare da damar rajista ba, bayan wahalar shekara biyar.